Shari'ar Tsohuwar Ƙafa

Duk wanda ya zauna a Nasarawa ta Kaduna, wato unguwar nan da ke kudu da kogi, maƙwabciyar Kakuri, ya kuma saba da zaman teburin mai shayi bayan an tashi daga gidan kallon ƙwallo, ya san cewa babu wata shari'a da ake yankewa da gaggawa, ba shaida ba rantsuwa, kamar shari'ar ɗan wasan da ya kwana biyu a fili. Da zarar ya ɓarar da ƙwallo ɗaya wadda a da yakan ci irinta ido rufe, sai ka ji wani ya ja tsaki ya ce, "Ai wannan ya ƙare," wani ya ce, "Ƙafa ta mutu," na uku kuwa, wanda ya fi su tausayi, ya ce, "Ya dai ci zamaninsa." In mako ya zagayo Allah ya ba shi sa'a ya jefa biyu a raga, waɗannan alƙalai ɗin nan su ne za su warware hukuncinsu ba kunya ba tsoro, su ce ai da tsohuwar zuma ake magani.

Ni ma na sha zama cikin alƙalan nan, na kuma sha yin zalunci tare da su. Amma da na yi nazari sai na ga mas'alar tana da usuli kamar kowace mas'ala, kuma wanda yake son ya san ko gwani ya fara gangarowa, ko kuwa tuntuɓe kawai ya yi, wajibi ne ya san irin shaidun da ake karɓa da waɗanda ake mayarwa. Ban kuwa ga shari'ar da ta fi dacewa a koyi wannan da ita ba kamar ta Rashidi Yekini, domin mu mutanen wannan gefen kogi muna da haƙƙi a cikinsa.

A zamanin da masaƙun Kakuri ke aiki dare da rana, tun daga masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 har zuwa UNTL da ta biyo baya, ma'aikata da yawa a Nasarawa suke kwana, kuma manyan kamfanoni na wancan lokaci sukan riƙe ƙungiyar ƙwallo kamar yadda sarki ke riƙe dawaki. A ƙungiyar UNTL ne Yekini, wanda aka haifa a Kaduna a watan Oktoba na 1963, ya fara fitowa idon duniya a farkon shekarun 1980, kafin ya wuce Shooting Stars ta Ibadan, daga nan Abiola Babes ta Abeokuta, daga nan Africa Sports ta Abijan, har ya sauka a Vitória ta garin Setubal a ƙasar Fotugal a 1990. Dogo ne, ƙaƙƙarfa, mai bugu kamar harbin bindiga, kuma duk da girman jikinsa in ya zabura ɗan baya ba ya ganin komai sai ƙeyarsa. Shi ya fi kowa cin ƙwallo a gasar kofin Afirka ta 1992 a Senegal, inda ya ci 4. Shi aka zaɓa gwarzon ɗan ƙwallon Afirka na 1993. A kakar 1993 zuwa 1994 ya ci 21, ya fi kowa a babban rukunin Fotugal. A gasar kofin Afirka ta 1994 a Tunisiya kuma ya ci 5, Najeriya ta ɗauko kofi. Ran 21 ga Yuni na wannan shekara, a birnin Dalas na Amurka, ya ci wa Najeriya ƙwallonta na farko a tarihin gasar kofin duniya, a ragar Bulgeriya, ya shiga cikin ragar ya riƙe ta yana ihu, hoton da har yau yara waɗanda ba a haife su ba a lokacin suke ganewa. Shekarunsa talatin a ranar.

Abin da ya biyo baya kuwa, in aka dube shi a zahirinsa, gangara ce tsantsa. Bai ƙara ci ba a sauran wasanni uku na gasar, har Italiya ta fitar da mu. Ya koma Olympiacos ta Girka bai daɗe ba, ya tafi Sporting Gijón ta Sifaniya abin bai yi armashi ba, ya dawo Setubal inda ake yi masa kallon sarki, nan ma bai tarar da abin da ya bari ba. Mai gaggawa zai ce shi ke nan, a shekara talatin da ɗaya tsufa ya kama shi. Sai ga shi a kakar 1997 zuwa 1998, yana da shekara talatin da huɗu, ya ci 14 a ƙungiyar Zurich ta Suwizalan, har koci Bora Milutinović ya tafi da shi gasar kofin duniya ta Faransa. To, wane ne ya yi ƙarya, shekarun Girka da Sifaniya, ko kuwa shekarar Zurich?

Malaman hadisi sun fuskanci irin wannan mushkila tun ƙarnoni da suka shuɗe, kuma a ganina babu wanda ya fi su adalci a cikinta. Akwai maruwaita amintattu waɗanda haddarsu ta rikice a ƙarshen rayuwarsu, abin da malamai ke kira ihtilaɗi, har Ibnus Salahi ya ware wa lamarin babi guda a Muƙaddimarsa. Da hukuncin teburin mai shayi suka bi, da sai su watsar da mutum gaba ɗayansa, ko kuma su karɓi komai nasa saboda girman sunansa. Ba su yi ko ɗaya ba. Sai suka tsaya suka bincika yaushe ne rikicewar ta fara, su wane ne suka ji daga gare shi kafinta, su wane ne bayanta. Shi ya sa, alal misali, suka karɓi abin da Shu'uba da Sufyanus Sauri suka ruwaito daga Aɗa'u ɗan Sa'ibu, don sun ji shi tun haddarsa na da lafiya, suka yi taka-tsantsan da abin da na baya suka ɗauka. Abin lura a nan shi ne, ba su taɓa yin hukuncin ihtilaɗi da kuskure ɗaya ko biyu ba, domin amintacce ma yakan yi tuntuɓen harshe yana ganiyar ƙuruciyarsa; kuma ba su yi shi da lissafin shekaru kaɗai ba, domin akwai wanda ya haura tamanin haddarsa garau. Alamar suke nema a cikin aikin kansa.

Shaidar farko da kowa ke kawowa a shari'ar ɗan wasan gaba ita ce yawan ƙwallayen da ya ci, kuma ita ce shaidar da ta fi bukatar tazkiyya. Ƙwallo abu ne mai wuyar aukuwa. Gwanin gwanaye, wanda duniya ke yi wa kirari, in ya ci ɗaya a kowane wasa biyu ya cika gwani. Mai irin wannan ƙima kuwa, ko da babu abin da ya ragu a jikinsa, lissafi kaɗai ya isa ya sa wata rana ya jera wasa huɗu ko biyar bai ci ba, kamar yadda mai jefa kwabo sama kan ga fuska ɗaya ta faɗo sau huɗu a jere ba tare da kwabon ya canza ba. Saboda haka wasanni uku na Amurka da Yekini bai ci ba, ba su isa bayyina ba. Bayan haka, ƙwallo ba aikin mutum ɗaya ba ne. A sake kallon ta Bulgeriya: Finidi George ne ya keto daga dama ya shimfiɗo ta gaban raga, Yekini bai yi komai ba illa ya kasance a wurin ya tura ta. Kasancewa a wurin ita ce gwanintarsa, amma in babu mai shimfiɗowa, sai ya yi ta kasancewa a wurin har alƙalin wasa ya hura tashi. Ɗan wasan da ya bar ƙungiyar da aka gina a kansa, ya je inda ba a san lokacin zaburarsa ba, harshe daban, koci daban, ƙwallayensa za su ragu ko da ƙafarsa tana nan yadda take.

Amurkawa sun riga kowa gane wannan, a wasansu na besbol, inda mutum ɗaya ke tsayawa ya jefa ƙwallo da hannu, wani kuma ya tare da kulki. Sun daɗe suna auna mai jifa da yawan makin da aka ci a kansa, har wani mai suna Voros McCracken ya nuna a 2001 cewa da zarar kulki ya taɓa ƙwallo ta faɗa cikin fili, abin da zai faru ya fi rataya ga sa'a da ƙwazon abokan wasa fiye da mai jifan. Tun daga nan, in suna son su san ko tsohon mai jifa ya fara ƙarewa, sai su ajiye maki a gefe, su dubi abin da ke hannunsa shi kaɗai: saurin jifansa, wanda na'ura ke aunawa a kowane jifa, da yawan waɗanda yake hana su taɓa ƙwallon sam. Masu lissafin ƙwallon ƙafa sun ari wannan hikima. Yanzu sukan ƙiyasta wa kowane hari daraja gwargwadon wurin da aka buga shi, har suka san cewa bugun fenariti kusan uku cikin huɗu ake ci. In suka tara darajar hare-haren mutum suka ga tana nan yadda take a da, alhali ƙwallayensa sun ragu, sai su ce rashin sa'a ne, zai dawo. In kuwa hare-haren kansu ne suka ragu, wato ya daina isa wuraren da ake cin ƙwallo, to wannan ita ce alamar da ake tsoro. Mu da ba mu da kwamfuta a gidan kallo muna iya yin wannan da ido, in mun daina ƙirga waɗanda suka shiga kaɗai, muka koma ƙirga sau nawa ya samu kansa shi da mai tsaron gida. Wanda ke ɓarar da dama uku a wasa bai ƙare ba, komai zagin da ya sha. Wanda ya wuni a fili bai ɓarar da ko ɗaya ba don bai samu ba, shi ne abin dubawa.

Akwai kuma illar da ke kama da tsufa alhali ba shi ba ce, wato rauni. Misalinta yana nan kusa, ɗan Kaduna ne shi ma. Daniel Amokachi, wanda ya taso daga Ranchers Bees, ya ɗauki kofin FA da Everton a 1995 da zinariyar Olamfik a 1996, Yekini ya girme shi da shekara tara, amma ciwon gwiwa da ya same shi a 1998 bai bar shi ya sake komawa yadda yake ba, ya bar manyan filaye bai kai talatin ba. Wanda ya ce Amokachi tsufa ya yi ya yi masa ƙazafi. Bambancin kuwa yana da amfani, domin rauni yakan zo farat ɗaya, ana iya nuna ranarsa, wani lokaci kuma yana warkewa. Tsufa ba shi da rana, kuma ba a jin an ce an yi masa aiki a asibiti.

To, mene ne alamunsa na haƙiƙa? Abin da ya fi saurin tafiya shi ne zabura, wato taku uku ko huɗu na farko da mutum ke yi daga tsaye, waɗanda da su ake tsere wa ɗan baya. Gudun dogon zango yakan jima, ƙarfin bugu ma yakan jima, shi ya sa tsohon ɗan wasa ke ruɗin masu kallo a filin atisaye, inda za ka ga yana fasa raga kamar da. Amma tazarar da ke tsakanin isa ga ƙwallo da rashin isa ba ta fi taku ɗaya ba, kuma wannan takun shi shekaru ke fara karɓa a matsayin zakka. Na biyu shi ne farfaɗowa. Likitoci suna da wani ƙiyasi na kusa, cewa iyakar bugun zuciya a minti ɗaya ita ce 220 a cire shekarun mutum, wato abin yana raguwa sannu a hankali ko da mutum bai taɓa ciwon kai ba. Tsoka kuma takan ƙara neman kwanaki kafin ta huce. Don haka tsohon gwani yakan yi wasan Lahadi kamar ɗan ashirin, ran Laraba kuma ka rantse wani ne ya ari rigarsa. Gwanintar tana nan, yawan zuwanta ne ya ragu. Wanda ya kalli wasan Lahadi kaɗai da wanda ya kalli na Laraba kaɗai za su kwana suna gardama, kowannensu kuwa gaskiya ya gani. Akwai wasu ƙananan alamu da idon da ya saba ke kamawa: ɗan gaba ya riƙa ja da baya yana neman ƙwallo a tsakiyar fili maimakon a jefa masa ita gaba ya bi, ko ya riƙa faɗawa satar gida don yana tashi da wuri ya rama takun da ya rasa, ko ɗan baya ya fara riƙe riga.

Abin da ya fi daɗewa bai tafi ba shi ne ido, da sanin inda ƙwallo za ta faɗo kafin ta taso. Daga nan ne za a gane cewa tambayar nan ta "ya ƙare ko bai ƙare ba" gurguwa ce, sai an ce ya ƙare a wane aiki. Roger Milla na Kamaru yana da shekara 38, yana buga ƙwallon hutu a tsibirin Reyuniyon, aka kira shi gasar kofin duniya ta 1990, ya ci 4, kuma dukansu daga benci ya taso ya ci su, bayan 'yan bayan abokan hamayya sun gaji. Da an ce ya buga minti casa'in a kowane wasa, wataƙila da yanzu ana ba da labarinsa a matsayin tsohon da ya ƙi ajiye takalmi. Masu tsaron gida, da yake aikinsu ya fi dogara ga ido da tsayuwa, sukan kai inda wasu ba sa kaiwa: Dino Zoff ya ɗaga kofin duniya da Italiya a 1982 yana da 40, Essam El-Hadary na Masar kuma ya tare fenaritin Saudiyya a 2018 yana da 45. A nan gida, Rabi'u Ali na Kano Pillars ya haura arba'in yana ci yana bayarwa, domin jarinsa tun asali ido ne da iya ajiye ƙwallo inda ya so, ba tsere ba. Ahmed Musa kuwa, wanda ya ci Ajantina biyu a 2014 da Aislan biyu a 2018, jarinsa gudu ne, irin jarin da shekaru ke fara taɓawa, don haka ba adalci ba ne a auna su da mudu ɗaya. 'Yan dambe sun san wannan tun kafin a kawo ƙwallo ƙasar Hausa. Tsohon ɗan dambe ba ya ɓata hannu a turmin farko, yakan bar yaro ya yi ta tsalle har numfashinsa ya yi sama, sannan ya auna masa ɗaya.

Sai dai a ƙasarmu akwai wata wahalar da malaman hadisi ba su sha irinta da yawa ba, wato shekarun da ke kan takarda ba kullum ne suke daidai da na ƙashi ba. Wannan ne ya sa hukumar FIFA ta shigo da gwajin hoton ƙashin wuyan hannu a gasar 'yan ƙasa da shekara 17 ta 2009, wadda aka buga wasu wasanninta a filin Ahmadu Bello na nan Kaduna. Ba na tuhumar kowa da suna, kuma a wurare da yawa ba a rubuta haihuwa ba ne tun farko. Amma wannan ƙarin dalili ne na kada alƙali ya dogara da fasfo.

In muka dawo ga Yekini, wanda sunansa ke yi wa kunnen Bahaushe kama da yaƙini alhali shari'arsa cike take da zato, sai mu tarar an ma rasa shaidun da suka fi cancanta. Najeriya ta janye daga gasar kofin Afirka ta 1996 a zamanin Janar Sani Abacha, aka kuma hana ta shiga ta 1998, wato fagen da ya ci ƙwallo 13 a cikinsa an rufe masa shi a daidai shekarun da ake gardama a kansu. A cikin waɗannan shekaru kuma Nwankwo Kanu ya zama gwarzon Afirka a 1996, Victor Ikpeba a 1997, sai ya zama ko da bai ragu da komai ba, layin da yake tsaye a kai ya yi tsawo. Ra'ayina, wanda ban ɗora wa kowa ba, shi ne shekarun Girka da Sifaniya sun fi kama da rashin dacewar wuri fiye da tsufa, domin ƙafar da ta mutu a 1995 ba ta tashi ta ci 14 a 1998. Amma Zurich ma ba ta wanke shi sarai ba, tun da gasar Suwizalan ba ta kai ta Sifaniya zafi ba, kuma a Faransa, inda galibi daga benci yake tasowa, bai ci ko ɗaya ba, har ranar 28 ga Yuni da Denmak ta yi mana 4 da 1, wani ɗan Kadunan, Tijjani Babangida, ya ci mana ta share hawaye. Abin da na fi rinjayarwa shi ne zaburar ta fara raguwa a wani wuri tsakanin waɗannan shekaru, idon kuwa da sanin raga ba su je ko'ina ba, shi ya sa ya ci gaba da ci duk inda 'yan baya suka ba shi taku ɗaya na sarari, ya kuma yi shiru inda ba sa bayarwa.

Shi kansa bai karɓi hukuncin kowa ba. Daga Zurich ya bi ta Tunisiya da Saudiyya, ya koma Abijan, ya dawo gida ya buga wa Julius Berger, ya ajiye takalmi. Sannan a 2005, lokacin da masaƙun Kakuri suka riga suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya, ya sake ɗaura shi ya shiga fili da rigar Gateway ta Abeokuta yana da shekara 41. Ya rasu a Ibadan ran 4 ga Mayu, 2012, da ƙwallo 37 da ya ci wa Najeriya.